Ɗaya Ɓarin Ƙoƙon Ya Zo Hannuna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hassana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa yake durƙusawa ya yi wa uwarsa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Mu nan lafiya muke, alhamdu lillahi. Binta tana gaishe ki, yara ma haka, har da ƙaramar da ba ki gani ba, wadda aka sa wa sunanki muke kiranta Uwani.

Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Da a ce kabarinki yana inda ƙafa take kaiwa, da na je na tsaya na yi miki addu'a, na faɗi abin da ke raina a hankali na dawo. To shekara uku ke nan da ruwan dam ɗin Tiga ya rufe tsohon garinmu, da gidanmu, da maƙabarta. Shi ya sa na zauna na rubuta. Duk wanda ya ga takardar nan ya karanta, ban hana ba, don na san ba ni kaɗai ne na sauke nauyi sannan nauyin ya biyo ni har gida ba.

Zan fara da abin da na fi jin kunyar faɗa. Inna, ƙibar ta dawo.

Ba duka ba tukuna, amma mafi yawanta. Kin san ni da awo. Kafin a yi mini aiki, sikelin gyaɗa na sitonmu ya nuna laba ɗari biyu da sittin. Bayan aiki na sauko ɗari da sittin da biyar, na zauna a nan shekara bakwai. Watan jiya da na hau, laba ɗari biyu da talatin da biyu na gani. Shekarata arba'in da ɗaya. Baba yana da arba'in da uku ya tafi. Wannan lissafin shi ne ya hana ni sakewa.

Kin fi ni tuna ranar da Baba ya faɗi a ƙofar masallaci bayan la'asar. Ni abin da ya tsaya mini shi ne yadda mutum huɗu suka kasa ɗaga shi sai da aka ƙaro biyu. Ɓarin jikinsa ya shanye, ya yi kwana tara bai yi magana ba. Bayan an yi bakwai na ji kina ce wa ƙanwarki, Yafendo Kulu: “Ƙiba gado ce a gidan nan, amma ba za ta ɗauki biyu a hannuna ba.” Ina bayan danga lokacin. Ba da ni kike ba, amma ni kike nufi.

Dama ai ba kya magana da ni kai tsaye. Ni ne ɗan fari, kuma ke mai kunya ce ta gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinki ba. “Wancan” kike ce mini, ko “yaron nan”, har bayan na yi gemu na zama malamin gona. In na shigo gaishe ki sai ki kau da kai ki amsa wa bango. Ina yaro na ɗauka ba kya sona. Da na girma na gane al'ada ce, amma ganewa dabam, abin da zuciya ta saba ji dabam.

Da na gama makaranta na kama aiki, jikin Baba ya sauko mini gaba ɗaya. Mutane suna cewa albarka ce, aikin gwamnati ya karɓe ni. Ke kaɗai ce ba ki taɓa yi mini barka da ƙiba ba. Sai kuma gyambon ciki ya haɗu da ita, har ranar da na yi aman jini a gonar gwaji aka ɗauke ni zuwa asibiti a birni. Likita ya zana mini hoton tumbi a takarda, ya ja layi a kansa, ya ce za su yanke fiye da rabi. Ya ce aikin zai raba ni da gyambon, zai kuma zubar da ƙibar, amma in sani abin da ya rage kamar jakar fata yake: in ana cusa masa kaya, zai buɗe ya koma yadda yake. Kawu ya ce ba za a yanka ɗan ƙanwarsa kamar rago ba. Ke kika ce, fuskarki tana kallon taga: “Ku gaya wa wancan ya sa hannu.”

Na sa hannu. Na tashi da ɗinki daga ƙirji zuwa cibiya.

Da muka dawo gida, likita ya ce in riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, sau shida a wuni. “Kaɗan” kuwa ba awo ba ne. Binta ta rasa yadda za ta yi, yau ta zuba ya yi yawa in yi amai, gobe ta rage in tashi da jiri. Sai kika je jikin dangar bayan ɗakinki inda kika shuka duma, kika zaɓi wani ɗan ƙarami da ya ƙosa, kika aika aka fafe shi. Kika ɗora wuƙa a wuta kika ja masa zane uku a baki. Kika miƙa wa Binta kika ce: “Ki ce masa wannan ne cikinsa yanzu.”

A tafin hannuna ɗaya yake zama. Rabin malmalar tuwo da miya ludayi guda, ya cika.

A ranar na fara rubuta littafin kullum, kuma ban fasa ba har yau. Littattafai goma sha ɗaya ne yanzu a akwatina. Kowane shafi na ja masa layi gida shida, kowane ci in rubuta: ƙoƙo ɗaya. Shekara shida ina haka. Na koma ina tuƙa keke daga Bebeji zuwa Kiru ba tare da na tsaya a gindin bishiya ina haki ba. Na koma ina yin sujada ba tare da jini ya taru mini a ka ba. Mata suka fara cewa an yi mini sammu, wasu suka ce Binta ce ba ta iya girki ba. Wata tsohuwa ta shigo har tsakar gida tana jajanta miki, kika ce mata: “Ba ciwo ba ne, lafiya ce ta kama shi.” Binta ce ta ba ni labari, tana dariya har da hawaye.

Sai kika rasu, shekara guda kafin ruwa ya zo. Sai aka ce mu tashi. Ranar ƙaura, a cikin babbar motar da ta kwashe kayanmu, turmi ya gangaro ya danne kwandon ƙore. Da muka sauke a sabon matsuguni, ƙoƙon ya zama gutsattsari biyar. Na kai wa gyartai, ya jujjuya su ya ce wannan ya wuce ɗinki.

Daga nan ne labarin ya karkace, amma ni ban san ya karkace ba. Aka samo wani ƙoƙon, na ci gaba da rubuta ƙoƙo ɗaya. Duk shafin da kika buɗe a shekara ukun nan, abin da za ki gani ke nan, sau shida, da rubutuna mai tsabta. Amma zariyar wandona tana ta gajarcewa. Babbar riga tana rufe abu da yawa, ni ma na bar ta ta rufe. Na daina hawa keke, na ce ai ofis sun ba ni babur. Da sikeli ya fara nuna abin da ba na so, sai na ce sikelin ne ya tsufa, na sa aka gwada shi da buhun taki. Sikeli lafiyarsa lau. Sai na koma zargin aikin da aka yi mini, na ce wataƙila ɗinkin ne ya saki. Mutane kuwa sai barka suke yi mini. “Malam, yanzu ka dawo mutum.” Ina amsawa da murmushi, gwiwoyina suna ciwo.

Wata biyu da suka wuce jiri ya ɗebe ni a bakin kwatar ruwa ina nuna wa manoma yadda ake jan ruwa zuwa fadamar tumatir. Na koma asibiti. Wancan likitan ya daɗe da komawa ƙasarsu, wani matashi na samu. Ya ɗaura mini abin awon jini a dantse, ya duba, ya sake dubawa. Ya tambaye ni abin da ya kashe mahaifina, na gaya masa. Ya ce in na ci gaba a haka, hanyar da ya bi ita nake bi, kuma ba za a sake yanka ni ba, don babu sauran abin yankewa. Na zaro littattafai uku daga jaka na buɗe masa, kamar mai gabatar da shaidu gaban alƙali. Ya duba ya ce ƙoƙon yaya girmansa yake. Na haɗa tafin hannu ɗaya na nuna masa. Wallahi, Inna, ba ƙarya na yi niyyar yi ba. Ƙoƙon da ke cikin kaina na nuna masa.

Ya ce in dawo bayan wata uku. Na fito ban san me zan gyara ba, tunda a ganina ban ɓata komai ba.

Mako guda bayan haka aiki ya kai ni wajen Ɗansoshiya, na ce bari in biya in gaishe da Yafendo Kulu. Tun ƙaura take can wajen ɗanta. Ta tsufa ƙwarai, amma bakin nan yana nan yadda kika san shi. Na durƙusa na gaishe ta, da na zo tashi sai da na dafa turmi. Ta ƙura mini ido ta ce: “La ilaha illallahu. Na ɗauka mijin Yaya ne ya dawo daga lahira karɓar furarsa.” Na yi dariya don ban san abin da zan yi ba. Ita ba ta yi ba.

Ta shiga ɗaki ta daɗe tana buɗe faifai da tasoshi. Da ta fito sai ta zuba mini dambu a wani ɗan ƙoƙo ta ajiye a gabana. Na ɗauka tsiya take yi mini, ko kuma abincin gidan ne ya gaza, don abin da ke ciki loma biyar ne in an yi sannu. Na ɗaga shi, sai yatsana ya taɓa zane uku a bakinsa.

Na ce mata wannan nawa ne, yaya aka yi ya zo nan, ni da na ga gutsattsarinsa da idona.

Ta ce: “Kai da boko, amma ba ka san duma gida biyu ake fafe shi ba? Naka ya fashe. Wannan nata ne.”

Ta ba ni labarin da babu wanda ya taɓa ba ni. Ta ce ranar da kika aika mini da ɓari ɗaya, kika ɗauki ɗayan kika ajiye akushinki. Daga ranar har kika kwanta ciwon ajali, a cikinsa kike ci. In an kai mini nawa zaure, sai ki zuba naki a ɗaki. Sau shida, kamar ni. Ta ce ta yi miki faɗa, ta ce ke ba a yanka ki ba, me ya kai ki. Kika ce mata: “Yaron nan yana zaure yana kallon maza suna cin tuwo ya ƙoshi da ido. Ba zan ƙoshi a cikin gida ba.” Ta ce da kika ji ciwo ya tsananta kika ba ta shi ajiya, kika ce kada ta fito da shi sai in ta ga buƙata. Sai ta nuna cikina da leɓe ta ce: “To ga buƙata nan ta shigo da kanta, har tana dafa mini turmi.”

Na cinye dambun. Ta naɗe ƙoƙon a tsumma ta sa mini a jaka.

Inna, shekara shida muna ci tare, bango ɗaya ne tsakaninmu, ban sani ba.

A hanyar dawowa ba tausayi ne ya cika ni ba, gaskiya zan gaya miki, fushi ne. Tun a Ɗansoshiya na gane wannan ƙoƙon bai yi kusa da wanda nake ci a cikinsa ba. Kuma wa yake zuba mini abinci? Binta. Ina tuƙa babur ina shirya maganganun da zan gaya mata. Na ce ta ci amanarki. Na ce don mata su daina yi mata gori ta zaɓi ta tura ni kabari. Na tsara su ɗaya bayan ɗaya, har da inda zan ɗaga murya.

Allah ya taimake ni da halina na son tabbatarwa kafin in yi magana. Da na iso na wuce madafa. Na ɗauko ƙoƙon da nake ci da shi, na sa naki a cikinsa. Ya shige yana yawo. Na ɗebo gero na auna: naki uku da ɗan ƙari ne suke cika nawa. Watau kullum ƙoƙo goma sha takwas nake ci ina rubuta shida.

Sai na buɗe akwati na fito da littattafan, don in samo ranakun da ta canja mini ƙoƙo in nuna mata a rubuce. Na same su kuwa. Sau uku aka canja. Na farko, bayan ƙaura, Binta ce ta sayo, na rubuta cewa ta yi ta zagaya kasuwa da gutsuren tsohon a hannu tana gwadawa, ta samo mafi kusa. Na biyu, bayan wata takwas, ga abin da na gani da rubutuna: “Ƙoƙo ya tsage. Na sayo wani a Kiru, daidai da na da.” Na uku, bara da kaka: “Na sayo sabo a Tudun Wada. Daidai da na da, ko ya ɗara kaɗan.”

Ko ya ɗara kaɗan. Na daɗe ina kallon kalmomin nan huɗu. Ashe hannuna ya sani, ya ma rubuta, ni ne na ƙi karantawa.

Ban tsaya nan ba, na ci gaba da bin shafuka. Sai na lura da wata kalma da take yawan fitowa a gefen layi: gaisuwa. “Gaisuwa a rugar Arɗo, Burumburum.” “Gaisuwa gidan mai unguwa, Ba'awa.” Kin san me gaisuwar take nufi? Ƙwaryar fura da nono. Kifi soyayye a gidajen mutanenmu da ruwa ya tasa, waɗanda suka rasa gonakinsu suka koyi su, suke ajiye wa baƙo mafi girman abin da suka kamo. Yaya zan ce wa mutumin da ya rasa komai ba na cin abincinsa? Sai in ci, in ce wannan ba ci ba ne, girmamawa ce, ba ta shiga layi. Haka ciyayyar ƙofar gida da magariba: in cinye ƙoƙona, sannan in ɗan taɓa na maƙwabta don kada a ce ina ƙyama. Ita ma ba ta shiga layi.

Da na gama na kira Binta, na ajiye ƙoƙo biyun a gabanta. Tana ganin zane ukun ta zauna a ƙasa ta rufe baki da mayafi. Na tambaye ta ko ta san kina ci a cikinsa. Ta ce ita take wanke shi. Na ce me ya hana ta gaya mini. Ta ce kin ce in ta faɗa ba ki yafe ba. Ta ce bayan rasuwarki ta neme shi ta rasa, ta ɗauka ya bi ruwa.

Na gaya mata gaskiya, cewa da faɗa na taho. Ta share ido ta ce: “Ai da ka yi, da na huta. Ranar da ka shigo da na Tudun Wada na ɗauka na awon tsaba ka sayo mini.” Na ce to me ya sa ba ta yi magana ba. Ta ce ta yi, sau biyu, na ce mata in tana shakka ta zo ta duba littafi. “Ni kuwa, Malam, ban iya karatun boko ba. Ido kawai gare ni.” Ban tuna na faɗi haka ba, amma na san irin maganata ce. Na ba ta haƙuri. Ta ce ita ma tana da nata laifin, don da mata suka daina cewa tana horar da miji da yunwa ta ji daɗi, ta riƙa danna tuwon da bayan mara don ya ɗauki da yawa.

Akwai abin da ya dame ni kwanaki bayan haka, kuma gara in tambaye ki ko da ba za ki amsa ba. Na tuna yadda kika rame a shekarunki na ƙarshe, ina cewa tsufa ne. Ko ni ne? Ko ƙoƙona ne ya rage miki kwana? Na tambayi Binta, ta ce in daina saɓo, kwana na Allah ne, kuma kin fi ƙarfi a shekarun nan fiye da da, har daka kike karɓa daga hannunta. Na koma na tambayi Yafendo, ta ce: “Yaya ta ci abin da ya ishe ta, ta mutu da haƙoranta. Kai ka ji da kanka.” Na karɓi maganarsu. Amma wani lokaci tambayar takan dawo, in bar ta ta zauna, ta gaji ta tafi.

Yau mako biyar ke nan da na koma kan awonki.

Ba zan ce miki da sauƙi ba. Wancan karon wuƙar likita ce ta yi rabin aikin, ciki ne da kansa yake ƙin abinci. Yanzu jakar ta buɗe, tana nema, kuma babu mai hana ta sai ni. Makon farko da ƙyar nake kai azahar saboda yunwa. Sau biyu na karya. Ɗaya a wajen suna a Doguwa, inda aka ajiye masa da miyar taushe a gabana, na ci har na ji kunyar kaina. Amma da na dawo ban rubuta gaisuwa ba. Na rubuta: masa tara. Na ga kamar wannan ma wani abu ne.

A ciyayya kuwa na sha tsiya. Ɗanladi, ɗan Kawu, abokin wasana, wanda yanzu ya zama masunci, yana ganin ƙoƙon ya ce a tashi a nemo wa jaririn Binta bante. Ya ce kifin da yake sa wa ƙugiya ya fi abincina yawa. Kullum sai ya miƙo mini loma ya janye. Amma na lura in baƙo ya zo ya fara matsa mini in ƙara, shi ne yake tarewa ya ce a ƙyale shi, likita ya ce ciki ɗaya ya rage masa, ya cinye sauran tun yana saurayi.

Wanda na fi jin tsoro shi ne Arɗo na wajen Burumburum, dattijon da ya ɗauke ni kamar ɗa, wanda ba a taɓa mayar masa da ƙwarya da saura ba. Da aka kawo fura na fito da ƙoƙo daga jaka, na ce a zuba mini a nan, awon mahaifiyata ne, ita ta yanka mini shi kafin ta rasu. Ya karɓa ya jujjuya shi a hannu. Ya ce: “Abin da uwa ta auna, wa zai ƙara a kai?” Da kansa ya zuba, bai bari ta kai bakin ƙoƙon ba. Shekara uku ina cin abin da ya fi ƙarfina don kada in ɓata wa mutane rai, ashe magana ɗaya ce ban taɓa gwada faɗa ba.

Na hau sikeli shekaranjiya. Laba huɗu ce ta sauka. Huɗu kawai, cikin kusan saba'in. Da can da na ga haka sai in ce aikin banza ne. Yanzu na rubuta ta, na ja layi a ƙarƙashi. Ban san abin da likita zai gani ba in na koma watan gobe. Ban sani ba ko zan sake zama mutumin da yake tuƙa keke zuwa Kiru. Wataƙila ba zan zama ba. Abin da nake roƙo shi ne in wuce shekarun Baba da ƙafafuna, in ga Uwani ta yi wayon da za ta san sunan wa take ɗauke da shi.

Ƙoƙonki ya tsufa, bakinsa ya fara laushi, kuma na ga abin da fashewar ɗaya ta jawo. Saboda haka na kai shi wurin mai fafa a Bebeji, muka zaɓi duma biyu, ya yanka su daidai da shi. Ban yarda da idona ba, ban kuma yarda da “daidai da na da” ba. A gaban Binta na auna kowanne da gero, wanda ya ɗara aka kankare bakinsa. Da su nake fita aiki. Naki yana gida, a cikinsa nake cin na safe da na ƙarshe.

Da aka kawo sababbin na ƙirga ɓari huɗu. Washegari na ga uku. Na leƙa madafa na sami na huɗun a kife kusa da kwanon Binta, da sauran danshin miya a jikinsa. Na ɗauke shi. Na ce mata tana shayarwa, kuma ko ba ta shayarwa, an yi mini wannan sau ɗaya ban sani ba, ba za a sake yi mini ina sane ba. Ta ce to wa zai taya ni. Na ce ta taya ni da idon nan nata da ya fi littafina gani. In ta ga ƙoƙo ya fara girma, ko hannuna ya fara zarya, ta faɗa, in na ce ta duba littafi ta kai ƙarata wurin Yafendo. Ta ce wannan kam ta iya.

Ɗanladi ya ce in ruwa ya ja baya da bazara, kan kukar bakin maƙabarta yana fitowa, kuma ya san wurin. Ya yi alkawarin kai ni a kwalekwalensa. Ya ce sharaɗi ɗaya ne, in rage laba ashirin, don shi bai iya ceto ba kuma jirgin aro ne. Zan yi ƙoƙari. In Allah ya kai mu, zan zo in tsaya a saman inda kike in yi miki addu'a kusa.

Inna, na yi shekaru ina jiran ranar da za ki kira sunana, har kika tafi ban ji ba, kuma na riƙe wannan a raina fiye da yadda ya kamata. Ki yafe mini. Yanzu duk safiya ina sa hannu a inda hannunki ya shiga sau shida a wuni saboda ni. Na daina jira.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki ko yana ƙarƙashin ruwa. Allah ya ƙosar da ke daga abincin Aljanna, ƙoshin da ba a aunawa. Ya jiƙan Baba, ya haɗa ku a gidan rahama. Ni kuma ya ba ni ikon tsayawa inda kika ja mini zane. Amin.

Wassalam.

Ni ne wancan,
ɗanki na fari,
Sulaimanu